Seoul, Gangneung, Pohang ko Jeju: ina mai kwana biyar zai nufa don ganin wuraren da aka ɗauki finafinan Koriya?

Wanda ya tashi daga Kano ko Abuja ko Yamai zuwa Koriya ta Kudu da hutun mako guda, kwana biyar ne a hannunsa, ba bakwai ba. Babu jirgin da ke zuwa filin jirgin Incheon kai tsaye daga Najeriya ko Nijar. Sai an ya da zango a Addis Ababa ko Doha ko Istanbul ko Dubai, kuma tsakanin tafiyar da jiran canjin jirgi, awa ashirin kan tafi, wani lokaci har da ɗoriya. Ga tazarar awa 8 tsakanin agogonmu da nasu: ana kiran Azahar a Kano, su a Seoul sun daɗe da yin Isha'i. Ranar farko jiki ba ya rarrabe dare da rana. Da irin wannan ƙarancin lokaci, wanda ya ce zai zagaye duk wuraren da ya taɓa gani a finafinai goma, a tasha zai ƙare hutunsa. Taura biyu ba ta taunuwa. A zaɓi fim ɗaya ko biyu, a zaɓi layin dogo ɗaya, a gina tafiyar a kansa.

Kafin zaɓen gari, a tantance wurin

Lokeshan ɗin da ake gani a waɗannan finafinai iri uku ne, kuma rashin bambance su ne ke sa mutum ya biya kuɗin mota ya je ya tarar da fili fetal.

Akwai wuraren jama'a da suke nan tun kafin a zo da kyamara: fada, ganuwa, kasuwa, gada, bakin teku. Waɗannan ba sa zuwa ko'ina. Akwai kuma garuruwan da aka gina musamman don fim, yawanci da katako da filasta, kuma rayuwarsu na hannun ƙaramar hukumar da ta ba da filin. Masu son Jumong su kula da wannan sosai. Tashar MBC ta nuna shirin daga 2006 zuwa 2007, kashi 81, kuma babban garin da aka gina masa a Naju yake, can kudu maso yamma. An rufe shi, an rushe yawancinsa don a gina gidan tarihi a filin. Hotunansa na nan birjik a intanet, amma tsofaffi ne. Ainihin inda aka kafa daular Goguryeo ta labarin Jumong ma, a shekara ta 37 kafin haihuwar Annabi Isa bisa abin da tarihinsu ya ruwaito, ba a Koriya ta Kudu yake ba. Kufan biranenta na farko suna Huanren da Ji'an a arewa maso gabashin ƙasar Sin.

Iri na uku shi ne cikin ɗaki. Falo da ofis da ɗakin asibiti da ake gani, kusan duk a sitidiyo ake haɗa su, a wurare irin su Paju da Daejeon, kuma ba a barin baƙi su shiga. Ƙofar gidan da aka nuna daga waje gidan wani bawan Allah ne da ke zaune a ciki da iyalinsa. Shagon shayin da jaruman suka zauna, mai yiwuwa yanzu takalma ake sayarwa a wurin.

Sannan ba duk abin da aka gani a fim ɗin Koriya ne yake Koriya ba. Jar ƙofar nan ta Goblin da babban otal mai kama da fada, a birnin Quebec na Kanada suke. Bakin tafkin da aka kaɗa fiyano a Crash Landing on You a ƙauyen Iseltwald na Suwizalan yake, inda cunkoson masoya ya sa aka sa kuɗin shiga faran 5 na Suwizalan a 2023. Gaɓar teku mai mataccen jirgin ruwa ta Descendants of the Sun a tsibirin Zakynthos na Girka take.

Hanyar tantancewa ba wuya. A sauke manhajar Naver Map ko KakaoMap tun daga gida, domin Google Maps ya daɗe ba ya nuna hanyar tafiya da ƙafa ko ta mota yadda ya kamata a Koriya, saboda dokar ƙasar kan fitar da bayanan taswira. A kwafo sunan fim ɗin da rubutun Koriya, a ƙara masa 촬영지, wato wurin ɗaukar fim, a nema. Idan wurin ya fito, a duba ranar da aka ɗora hoto na ƙarshe. Wurin da aka shekara biyu ba wanda ya ɗora masa sabon hoto, a cire shi daga lissafi.

Zaɓi na farko: Seoul da Suwon da Yongin

Wannan na masu son finafinan sarauta ne, na fada da takobi da makircin fadawa, kuma shi ne ya fi sauƙi nesa ba kusa ba, don ba a canza masauki ko sau ɗaya. Jirgin ƙasa na AREX mai sauri kan kawo mutum daga tashar farko ta filin Incheon zuwa tashar Seoul cikin minti 43. Daga nan katin T-money ne ke aiki a jirgin ƙarƙashin ƙasa da bas. Ana sayensa a kantunan da ke buɗe dare da rana, kuma a riƙe tsabar kuɗi don loda shi. Mafi ƙarancin kuɗin jirgin ƙarƙashin ƙasa won 1,550 ne (won shi ne kuɗin Koriya). A taɓa katin lokacin sauka daga bas, ba lokacin shiga kaɗai ba, in ba haka ba za a rasa rangwamen canjin mota da ake samu cikin minti 30.

Abin da ya fi ɓata wa mutane shiri a Seoul shi ne ranar hutun fadoji. Gyeongbokgung a rufe take ranar Talata. Changdeokgung da Deoksugung da Changgyeonggung kuwa ranar Litinin suke hutu. Shiga Gyeongbokgung won 3,000 ne, kuma wanda ya sa hanbok, kayan gargajiyarsu da ake bayarwa haya a shagunan da ke kewaye, kyauta yake shiga. Ga mata masu hijabi kayan ba su da matsala, siket ne har ƙasa da riga mai dogon hannu. Ana canjin dogarai a ƙofar Gwanghwamun da ƙarfe 10 na safe da 2 na rana. Lambun bayan fadar Changdeokgung, wanda ake yawan gani a wuraren da sarki ke keɓewa da wadda yake so, tikitinsa daban ne, ana shiga rukuni-rukuni da jagora a ƙayyadadden lokaci, kuma a watan Oktoba da Nuwamba tikitin kan ƙare da wuri.

Tsakanin fadojin biyu unguwar Bukchon take, mai tsofaffin gidaje masu rufin tayil. Daga tashar Anguk a layi na 3, ƙofar fita ta 1, ana bin titin Gamgodang-gil mai katangar dutse, inda jaruman Goblin suka fara gilma wa juna cikin ruwan sama. Amma Bukchon unguwar mutane ce, kuma sun gaji da baƙi. Tun Nuwamba 2024 an hana masu yawon buɗe ido shiga sashen da ya fi cunkoso daga ƙarfe 5 na yamma zuwa 10 na safe, kuma daga Maris 2025 tarar won 100,000 ce ga wanda ya karya. Dabarar nan ta sammako don a samu titi babu kowa ta daina aiki a nan.

Suwon na kudu da Seoul, kusan awa guda a layi na 1, ko rabin awa a jirgin ƙasa na tsakanin garuruwa. Ganuwar Hwaseong mai tsawon kilomita 5.7 Sarki Jeongjo ne ya gina ta daga 1794 zuwa 1796, kuma shi ne sarkin da fim ɗin Yi San ya ba da labarinsa. A fadar da ke cikin ganuwar an ɗauki wasu sassan Jewel in the Palace. Abin da ya sa Suwon ta fi ko'ina riba ga mai gajeren lokaci shi ne, a lungunan unguwar Haenggung-dong da ke jikin fadar aka ɗauki sassan finafinan zamani irin su Lovely Runner da Extraordinary Attorney Woo. Da ƙafa ake gama su duka a wuni ɗaya, tsohon zamani da sabo, ba tare da an hau tasi ba.

Yongin ce ke da wahala, kuma ita ce masu son Jumong za su fi nema. Dae Jang Geum Park gari ne guda da MBC ta gina, da fadoji da kurkuku da kasuwa da filin atisaye, inda aka ɗauki Queen Seondeok da Dong Yi da Empress Ki da wasu sassan Jumong. Kada sunan Yongin ya ruɗi kowa ya ɗauka jirgin ƙarƙashin ƙasa zai kai shi ƙofa. Wurin na cikin karkarar Baegam. Ana hawa bas daga tashar Nambu ta Seoul zuwa Baegam, daga nan a ɗauki tasi, domin bas ɗin ƙauyen jefi-jefi yake zuwa. Matsalar ta fi yawa wajen dawowa: babu tasi da ke jira a bakin ƙofa, sai an kira ta manhajar Kakao T ko a roƙi masu sayar da tikiti su kira. Har yau ana ɗaukar fim a wurin, don haka ana iya tarar da an killace sashen da aka zo dominsa, a hana ɗaukar hoto. Wuni guda cur yake ci. Wanda ba ya son wannan wahala, akwai kamfanonin da ke kwasar mutane daga Seoul su kai su su dawo da su, kuma a nan kam kuɗin ya cancanta.

Zaɓi na biyu: Nami da Gangneung

Masu son labarin soyayya nan suka fi nufa. Kuskuren da ake yi shi ne, da yake duka biyun a lardin Gangwon suke, sai a ɗauka wuni ɗaya ya isa. Layukan dogonsu daban ne. Nami na kan layin Chuncheon, Gangneung na kan layin KTX, jirgin ƙasa mai tsananin gudu, da aka buɗe a Disamba 2017 saboda wasannin Olamfik na hunturu na Pyeongchang. Inda suka haɗu shi ne tashar Cheongnyangni a cikin Seoul. Wato daga Nami sai an dawo baya kafin a miƙe gabas.

Nami ɗan tsibiri ne a tsakiyar kogi, wanda Winter Sonata na 2002 ya fito da shi duniya. Jirgin ƙasa na ITX daga tashar Yongsan ko Cheongnyangni kan kai Gapyeong cikin kusan awa guda, sai 'yar gajeriyar tafiya a tasi zuwa bakin ruwa, sai jirgin fito na minti biyar. Layin dogayen itatuwan nan da aka sani yana nan, amma gajere ne fiye da yadda kyamara ta nuna shi, kuma ranar Asabar da Lahadi mutum ba zai samu hoto shi kaɗai ba ko da zai wuni. A shiga jirgin fito na farko-farko ranar aiki. Abin yabo ga Nami shi ne, saboda yawan baƙi daga Malesiya da Indunusiya, akwai ɗakin sallah da wurin alwala da gidan abinci na halal a cikin tsibirin. Wurare kaɗan ne a wajen Seoul za a ce haka a kansu.

Gangneung kusan awa biyu ce daga tashar Seoul, tikitin kusan won 28,000. Abin da ake zuwa gani yana Jumunjin, kimanin kilomita 20 arewa da gari: wata 'yar katangar siminti da ta miƙe cikin teku don karya igiyar ruwa, inda jarumar Goblin ta tsaya da jan mayafi a wuya, jarumin ya miƙa mata damin furanni. Gaskiyar magana wurin ƙarami ne. Ba shi da ƙofa, ba shi da tikiti, sai allo mai hoton jaruman da layin mutane suna jiran a zo kansu, kowa da minti biyu ko uku. Akan samu masu ba da hayar jan mayafin da furannin roba a gefen titi. Abu biyu ne ke ɓata hoton. Na farko rana: gaɓar gabas ce, da safe rana na fitowa daga cikin tekun, tana bayan wanda ake ɗauka, fuska ta fito baƙi ƙirin. Bayan Azahar hasken ya juyo. Na biyu iska. Simintin ba shi da ƙarfen kariya, kuma ranar da teku ta tashi ruwan kan tsallake shi gaba ɗaya, ƙasan ya yi santsi. Idan aka ga fararen kumfa na faɗowa a kai, a tsaya daga bakin titi.

Don wannan katanga kaɗai, awa huɗu a jirgi zuwa da dawowa bai dace ba. Abin da ke sa tafiyar ta biya kuɗinta shi ne a kwana ɗaya a Gangneung, a haɗa da dajin Woljeongsa. Ana sauka a tashar Jinbu, kafin Gangneung, a ɗauki bas ko tasi zuwa hanyar itatuwa mai tsawon kusan kilomita guda da ke kaiwa ga wani tsohon wurin ibadar mabiya Buda, inda aka ɗauki sashen dusar ƙanƙara na Goblin. Hanyar shimfiɗaɗɗiya ce, dattijo ma zai iya. Kudu da Gangneung kuma akwai Jeongdongjin, tashar jirgin ƙasa da ke kan rairayin teku, wadda Sandglass na 1995 ya yi wa suna. Ta fuskar abinci Gangneung na da sauƙi: unguwar Chodang ta shahara da awara mai laushi da ake haɗawa da ruwan teku, ga kifi a kasuwar Jumunjin.

Zaɓi na uku: Pohang

Pohang garin masana'antar ƙarfe ne, inda kamfanin POSCO yake, kuma ba don finafinai biyu ba da ba mai sa ta cikin jerin yawon buɗe ido na kwana biyar: When the Camellia Blooms na 2019 da Hometown Cha-Cha-Cha na 2021. KTX daga Seoul kusan awa biyu da rabi ne, kuɗin ya haura won 50,000 zuwa kawai.

A Hometown Cha-Cha-Cha ana ganin ƙauye ɗaya ne, Gongjin, inda jaruma ke fita daga asibitin haƙori ta bi ta kasuwa ta hau tudu cikin minti uku. Babu ƙauye mai wannan suna. An tsinto shi ne daga wurare masu nisa da juna. Kasuwar Cheongha da gaɓar Wolpo da tudun Sabang mai kwale-kwale a samansa suna arewa da Pohang. Guryongpo, mai titin tsofaffin gidajen Japanawa da matakalar dutsen da ke kallon tashar jiragen kamun kifi, waɗanda aka gani a When the Camellia Blooms, tana kudu maso gabas. Tsakanin ɓangarorin biyu kusan awa guda ne a tasi, a bas kuwa ya ninka, da canji a tsakiyar gari. Don haka kowane ɓangare wuninsa daban, kuma Pohang na bukatar kwana biyu. Hawa tudun Sabang matakala ce mai tsayi, minti ashirin zuwa talatin, babu inuwa a sama. Cheongha kasuwa ce mai ci duk bayan kwana biyar, kamar yadda kasuwannin ƙauyukanmu ke da ranarsu. Wanda ya zo ranar da ba ta ci zai tarar da rumfuna shiru, sai shagunan da aka bar musu allunan fim ɗin. Wasu gidajen da aka nuna na mutane ne, har masu shirin suka fito tun fim ɗin na kan nunawa suka roƙi jama'a su daina zuwa ƙofar gidajen.

Ribar Pohang ita ce babu cunkoso irin na Nami, kuma ƙauyukan masunta na gaske ne, ba ado ba. Tana kuma dab da Gyeongju, tsohon babban birnin daular Silla, inda hasumiyar duban taurari ta Cheomseongdae take tun zamanin Sarauniya Seondeok a ƙarni na 7. Wanda ya kalli fim ɗinta ya ga abin da aka gina a mulkinta da idonsa. Tun Janairu 2025 akwai jirgin ƙasa da ke bin gaɓar gabas ya haɗa Gangneung da Pohang, amma ga mai kwana biyar, haɗa su biyun na nufin Seoul ta tashi a tutar babu.

Zaɓi na huɗu: Jeju

Nan za mu taƙaita, don shawararmu ita ce a bar shi sai wata tafiyar. Ana yawan jin cewa Jeju ba a bukatar biza. Haka ne ga ƙasashe da yawa, amma Najeriya da Gana da Kamaru da Sudan na cikin waɗanda aka cire daga wannan sassauci. Duk wanda ya ce zai kai mai fasfon Najeriya Jeju babu biza, a riƙe kuɗi a aljihu. Da biza a hannu kuma, jirgin sama ne na awa ɗaya da 'yan mintuna daga filin Gimpo, ba Incheon ba. Tsibirin ya kai kilomita 73 daga gabas zuwa yamma, ba shi da jirgin ƙasa, bas na tsayawa a kowane ƙauye, hayar mota kuma sai da lasisin tuƙi na ƙasa da ƙasa. Iska kan sa a soke jirage. Abincin da tsibirin ya fi alfahari da shi naman baƙin alade ne. Kuma masu son When Life Gives You Tangerines na 2025 su sani cewa, ko da yake dutsen Seongsan da gaɓar tekun na Jeju ne, ƙauyen da aka fi gani a fim ɗin a Andong aka gina shi, ba a tsibirin ba.

Abin da kan yanke hukunci: sallah, abinci da yanayi

Babban masallacin Seoul yana Itaewon, an buɗe shi a 1976. Daga tashar Itaewon a layi na 6, ƙofar fita ta 3, hawa ne na kusan minti goma, kuma titin da ke kaiwa gare shi cike yake da gidajen abinci da kantunan halal. Tasha ɗaya daga nan, a Noksapyeong, gadar masu tafiya da ƙafa ta Itaewon Class take, inda ake hango hasumiyar Namsan. Wanda ya kama masauki a wannan yanki ya huta da neman abincin dare da sallar Juma'a. A tsara tafiyar yadda Juma'a za ta riski mutum a Seoul. A kuma tuna cewa alƙibla a Koriya yamma take, ta ɗan karkata arewa. Wanda ya saba fuskantar gabas ya dogara da manhaja, kada ya bi fitowar rana. Bayan gida ba a ajiye buta, sai a riƙa yawo da 'yar gora a jaka.

Da zarar an bar Seoul, nama ya zama abin tambaya. Kimbap, naɗin shinkafar nan da ake gani a fim, yawanci da yankan naman alade a ciki. Romon taliya da yawa da ƙashin alade ake yinsa, kuma akan zuba giyar girki a miyar nama, har ta kaza. Kayan kanti sun fi sauƙin tantancewa, don doka ta tilasta a rubuta abubuwan da ke ciki: a nemi 돼지고기 a bayan leda, shi ne naman alade. Manhajar Papago na karanta rubutu ta kyamara. A wannan ma'auni Seoul da Nami ne a gaba, Gangneung da Pohang na bi saboda kifi da ƙaguwa da awara, Jeju ce a baya. Kada kuma a ce za a magance matsalar da guzurin kilishi ko dambun nama. An hana shiga da kayan nama Koriya, karnuka na sunsuna jakunkuna a Incheon, kuma tarar wanda bai bayyana ba na iya kai won miliyan 10.

Yanayi ma na canza amsar. Daga ƙarshen Yuni zuwa ƙarshen Yuli damina ce mai ruwa ba ƙaƙƙautawa, Agusta da Satumba kuma lokacin guguwar teku ne, wanda ya fi taɓa Jeju da Pohang. Ƙarshen Oktoba zuwa farkon Nuwamba ganye ke juyawa ja da rawaya, kuma shi ne lokacin da Nami da fadoji suka fi kyau, suka kuma fi cika. Farkon Afrilu furanni ne. Wanda ke son ya ga Woljeongsa da Nami yadda suke a fim, cikin dusar ƙanƙara, Janairu zai je, ya kuma san cewa sanyin kan sauka ƙasa da sifili da digiri 10, abin da rigar sanyin hunturun Kano ba za ta tare ba, kuma rana na faɗuwa tun wajen biyar da rabi. A guji makon bikin kaka na Chuseok, da kan faɗo a Satumba ko Oktoba, da na Seollal, sabuwar shekararsu ta gargajiya, a Janairu ko Fabrairu. Ƙasar gaba ɗaya ke tafiya gida, tikitin KTX ya ƙare, shaguna su rufe. A sauran lokuta ana buɗe sayar da tikitin wata guda kafin ranar tafiya, kuma na yammacin Juma'a da na Lahadi ne ke fara ƙarewa.

To wanne za a ɗauka?

Ga wanda wannan ce tafiyarsa ta farko, Seoul ce masauki, sai a ƙara mata fita ɗaya. Mai son finafinan sarauta ya ba fadoji da Bukchon wuni ɗaya, Suwon wuni ɗaya, Yongin wuni ɗaya, ya bar wuni ɗaya babu shiri saboda ruwan sama ko gajiya. Wannan ne mafi arha, don babu KTX a ciki, kuma shi ne ya fi dacewa da iyali masu yara ko dattawa. Mai son Goblin da Winter Sonata ya yi Seoul wuni biyu, Nami wuni ɗaya ranar aiki, sannan ya kwana ɗaya a Gangneung da 'yar ƙaramar jaka, babban akwatin ya bar shi a otal ɗin Seoul ko a akwatunan ajiya na tasha. Pohang ta wanda ya kalli Hometown Cha-Cha-Cha har ya haddace lungunan ce, wanda ya yarda ya sadaukar da Suwon da Nami dominta. Idan ya je, ya haɗa da Gyeongju.

Bizar da ake nema ita ce ta gajeren zama, C-3, a ofishin jakadancin Koriya da ke Abuja, ko Accra, ko Yawunde ga mazauna can. K-ETA, takardar izinin shiga da ake gani a intanet, ta ƙasashen da aka ɗauke wa biza ce, ba ta shafi mai fasfon Najeriya ba. Jadawalin tafiya na cikin takardun da ake miƙawa tare da bayanan asusun banki da shaidar aiki, don haka zaɓen da aka yi a sama shi za a rubuta, rana bi rana, da sunan otal. A kama otal da tikitin da za a iya sokewa, kada a biya wanda ba a mayar da kuɗinsa kafin biza ta fito. Katin banki na naira kan ƙi aiki ko ya ci karo da iyakar kashewa, saboda haka a riƙo dala a canza a unguwar Myeongdong ta Seoul, inda farashin ya fi na filin jirgi. Soket ɗinsu mai ramuka biyu zagayayyu ne: cajar Nijar na shiga, ta Najeriya mai baki uku sai da adafta.

Ko wanne aka zaɓa, daren ƙarshe a Seoul ake yinsa. Wanda ya kwana a Pohang ko Gangneung da niyyar kamo jirgin Incheon a ranar, jinkirin KTX ɗaya ko guguwa ɗaya ta isa ta raba shi da tikitin da ya fi komai tsada a tafiyar, kuma ba kullum ake samun kujera washegari a jirgin Addis Ababa ko Doha ba. A lissafa awa guda daga tsakiyar Seoul zuwa filin jirgi, awa uku kafin tashi, a kuma duba ko tasha ta 1 ce ko ta 2, don tsakaninsu ma tafiya ce a bas.